Mbah Sai-Jibi, Mai Tausar 'Yan Dakon Kasuwarmu

Kafin motoci su gama sauke kabejin da suka kwaso daga kan dutse, Mbah Ngatirah (Mbah shi ne kaka a yarenmu) ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a ƙarƙashin matakalar kasuwa. Shekara talatin da huɗu haka take yi. Da ta idar da sallar asuba sai ta taho, ta jera kayanta: kwalbar man kwakwa, tsummoki wankakku a ninke, ɗan matashin kai, da kofin shayi mai zaƙi wanda ba ta tunawa da shi sai ya huce. Sai ta miƙe ƙafarta ta hagu, wadda ba ta lanƙwasuwa, ta zauna tana kallon masu wucewa. Ba fuska take kallo ba, ƙafafu take kallo. Mace za ta gifta da buhu goye a baya, ka ji ta kira ta da Yu, wato yaya, ta ce, "Yu, ƙugun nan naki tun jiya yake kuka. In kin sauke ki biyo."

Ni da nake suyar tempe, wainar waken suya, a gefenta na ga abin da idona ya gani, shi ya sa da ta naɗe tabarmar nan a makon jiya na ce ba zan bari ta tafi shiru ba.

Matan da ke dako a kasuwarmu sun haura ɗari, kuma babu wadda bayanta bai san hannun Mbah ba. Amma ba don tausa ta yi suna ba. Ta yi suna ne don tausar da take ƙin yi. Mutum zai zo da sabon targaɗe, ƙafa ta kumbura ta yi jawur, yana roƙo a murza masa. Mbah za ta ɗora bayan hannunta a wurin, ta ji zafi, ta girgiza kai ta ce, "Sai jibi." Daga nan sunan ya bi ta. Masu keken haya har tsokanarta suke yi daga nesa: "Mbah Sai-Jibi, yau ma ba aiki?" Ita kuma ta ce, "Ku faɗo daga keken tukuna, ku ga aiki."

Labarin da za a fi gane ta da shi, na Yu Warsinah ne.

Kowa ya san yadda abin yake a wurinmu. Kowace 'yar dako tana da majanyinta na goyon kaya, kowace kuma tana da ƙusarta a rumfar ɗan kasuwar da take yi wa aiki. Muddin majanyin yana sauka daga ƙusa yana hawa, gurbin nata ne. Ranar da ya kwana biyu bai motsa ba, sai a ga na wata a wurin, kuma ba a komawa baya. Shi ya sa matan nan suke ɓoye ciwo kamar abin kunya. Warsinah shekara goma sha ɗaya koren majanyinta yana rataye a rumfar Bu Kaji Marfuah, wato Hajiya Marfuah, mai albasa. Mijinta ya rasu, jikoki biyu ne a gabanta, ƙusar nan ita ce tukunyarsu.

Saura kwana goma ƙaramar sallah, lokacin da kasuwa ke cika har numfashi ke wuya, ta taka ganyen kabeji a kan matakala da buhun albasa a baya. Ƙafa ta juya. Ko ihu ba ta yi ba. Ta miƙe, ta kai buhun inda za ta kai, ta ja zanenta ƙasa ya rufe idon sawun. Ƙawarta Yu Ponikem ce ta lura, ta janyo ta da faɗa har gaban tabarma.

"Mbah, ga ta nan. Ƙafa ta zama gwanda, wai ita ba abin da ya same ta."

"Bakinki ne ya zama gwanda," in ji Warsinah. Ta zauna da ƙyar. "Mbah, don Allah ki murza mini yanzu, ki murza da ƙarfi. Zan daure. Bu Kaji na da buhu ashirin a ƙasa."

Mbah ta ce ta tashi ta yi taku huɗu. Ta yi, tana cije leɓe. Mbah ta bi ƙashin idon sawun da yatsa, ciki da waje, tana kallon fuskarta. Ƙashin bai amsa ba, ƙasan wurin ne ya amsa.

"Ƙashi lafiya, jijiya ce. Da nan ne ya yi ciwo, da yanzu kina kan keke zuwa asibiti ɗaukar hoto." Ta ɗora bayan hannunta. "Sai jibi."

"Jibi? Mbah, ashe ba ki da tausayi? Jibi ai majanyin wata ne a ƙusata!"

"Buɗe hannunki."

"Ba komai a ciki."

"To buɗe ba-koman in gani."

Ƙunshin garin magani ne, irin wanda ake sayarwa a bayan kasuwa, ba suna ba lamba, wanda ake cakuɗa wa ƙwaya mai ƙarfi a ɓoye. Mutum ya sha, kafin gari ya waye kumburi ya ɓace, ya ji kamar sabon haihuwa.

Ponikem ta tafa hannu. "Lallai! Da azumin a bakinki?"

"Sai an sha ruwa zan sha, ke kuma wa ya sa da ke?"

Mbah ba ta yi dariya ba. Ta janye zanenta ta nuna gwiwarta ta hagu, wadda ta karkace ta ƙandare. "'Yar nan, kin san ni ma 'yar dako ce da? A matakalar nan na faɗi. Aka murza mini da zafinta, na sha irin garin nan, kumburi ya tafi, na ce na warke. Na ci gaba da ɗaukar kaya a kan abin da bai ɗinke ba, ciwon da zai ce mini in tsaya kuma na toshe masa baki. Wata uku kawai na ƙara a dako. Ga abin da na saya."

Mbah ta saki zanen, ta ci gaba.

"Kin tuna shekarar da gobara ta ci layin masu busasshen kifi? Washegari su wa suka fara zuwa, kafintoci?"

"Masu shara."

"Yawwa. Masu shara da masu kwashe gawayi. Hanya ta cushe, ga zafi ga hayaniya, ba mai wucewa. To haka cikin ƙafarki yake yanzu. Abu ya yage, jiki ya buɗe hanyoyin jini, ya turo ma'aikatansa, fararen ƙwayoyin jini, suna kwashe abin da ya lalace. Su ne zafin nan, su ne kumburin. In sun gama, su da kansu za su kira masu gini. Ke kuma kina so in sa babban yatsa in tarwatsa su, ki bi da gari ki sallame su gida?"

Wannan bayani ba a makaranta ta koya ba, don aji biyu ta yi aka cire ta. Wata ma'aikaciyar jinya ce, Bu Winarsih, da ke zuwa kasuwa auna mana hawan jini a shekarun baya, ta zana mata shi a bayan kwali. Mbah ta riƙa tare ta da tambaya duk wata, har matar ta ce ɗalibanta ba su gajiyar da ita haka. Abin da aka faɗa mata da kalmomin asibiti, ita ta mayar da shi kalmomin kasuwa.

Mbah ta naɗe ƙafar Warsinah da tsumma, ba sako-sako ba, ba kuma a shaƙe ba. Ta ce a ɗora ta kan matashi sama da ƙugu, a ɗan taka cikin gida gwargwadon abin da ba zai sa a cije leɓe ba. Warsinah dai hawaye take yi.

"Duk na ji, Mbah. Masu sharar nan naki su ne za su ciyar mini da yara?"

A nan ne Mbah ta yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Ta miƙa hannu ta zare koren majanyin daga kafaɗar Warsinah, ta dafa ginshiƙi ta miƙe. Tana da shekara sittin da shida a lokacin. Ta ja ƙafa har rumfar albasa, mu kuma muka bi ta da ido.

Bu Kaji ta ɗago kai. "Mbah, lafiya? Ina Warsinah?"

"Ga ta a gabanki."

"Ban gane ba."

"Majanyinta ne wannan ko ba shi ba? To ɗora mini."

"Haba Mbah, so kike a ce ni na kashe ki ana saura kwana goma sallah? Ni fa kaya nake so su hau sama, ba wasa ba."

"Za su hau. Ɗora."

Da Bu Kaji ta ga da gaske take, sai ta ɗora mata rabin kwando don ta rabu da ita. Mbah ta ɗaure, ta nufi matakala. Ta taka ta ɗaya, ta janyo matacciyar gwiwar. Ta taka ta biyu. Kasuwa duk ta zuba mata ido, wallahi har tempen ya ƙone mini a kasko. A ta biyar Ponikem ta yar da nata kayan ta ruga.

"Sauke, tsohuwar rigima! So kike ki kunyata mu duka?"

Ta kwance majanyin ta ɗaura a nata ƙirjin. Da ta yi sawu uku wata ta karɓa, daga ita wata. Mako uku cur koren majanyin nan bai yi fashin rana ɗaya ba, yau a bayan wannan, gobe a bayan waccan, abin da ya samu kuma na mai shi ne. Bu Kaji ta yi ta mita, wai kullum Warsinah da sabuwar fuska, jiya doguwa yau gajera. Amma ba ta taɓa ƙusar ba.

Da jibin ya zo, zafi ya sauka, Warsinah ta iso a keke ta miƙe ƙafa tana jiran gata. Ashe kwanciyar ta fara yi mata daɗi. Mbah ta shafa mai a ƙwaurin, a hankali, daga ƙasa zuwa sama, sannan ta ce, "Tashi."

"Ba ke kika ce in huta ba?"

"Wancan shekaranjiya ne. Yanzu masu gini sun shigo, kuma makafi ne. In ba ki motsa kin nuna musu inda nauyi zai bi ba, za su yi miki ɗinki a karkace."

Ta sa ta zana da'ira da babban yatsan ƙafar. Bayan kwanaki ta sa ta ɗaga dunduniya tana dafe da ginshiƙi, daga baya ta riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ponikem ta wuce ta ce, "A'a, yaushe muka samu zalɓe a kasuwa?" Warsinah ta ce, "Bari in warke, ke zan fara goyawa in zubar a kwata." A mako na huɗu ta karɓi majanyinta ta fara da kwandon ganye. Sai da aka yi wata biyu kafin Mbah ta yarda ta ɗauki cikakken buhu. Shekara biyar ke nan, ƙafar ba ta sake juyawa ba.

Tun daga lokacin, in mace ta ji ciwo a kasuwarmu ba ta jan zane ta rufe. Majanyinta take miƙawa.

Ke ce, Mbah, mai hannun da ya san jira. Ke ce kika yarda a kira ki maras tausayi da safe, don a taka ƙasa lafiya bayan wata. Ke ce kuma ba ki taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinki ba: kumburin da ya zo da zazzaɓi, ko jan da ke yaɗuwa, ko wanda ya share makonni bai sauka ba, cewa kike, "Waɗannan masu sharar sun ƙi tashi, a kai asibiti," ki tsayar da keke da kanki. Ba ki taɓa hana kowa maganin da likita ya rubuta ba. Garin bayan kasuwa ne kawai kika yi wa rantsuwa.

Yanzu manyan yatsunta sun gaji, 'yarta ta zo za ta tafi da ita ƙauye. Matan suka shirya walima a saman bene, inda suke taronsu, da shinkafa rawaya da kaza. Sai da aka gama jera komai aka tuna cewa mai walimar shekara biyar rabonta da matakalar nan. Ta tsaya a ƙasa tana dariya, ta ce a sauko mata da cinya ɗaya ya isa.

Warsinah ta matso, ta juya mata baya, ta durƙusa, ta warware koren majanyin.

"Hau, Mbah."

"Ke, rufa mini asiri. Ni albasa ce?"

"Albasa ta fi ki nauyi, ta kuma fi ki shiru. Hau."

Ta goya ta, ta ɗaure a ƙirji, ta miƙe. Ta taka ta ɗaya, ta biyu, ta wuce inda ta faɗi ko kallonsa ba ta yi ba. Mbah tana baya, ta leƙo da kai ta gefen kafaɗa. Duk mun ɗauka kuka take yi. Ashe ƙafar take kallo.

"Madalla," ta ce. "Sun yi gini mai kyau."

Mun gode, Mbah Ngatirah. Allah ya huta da gajiyarki, ya sanyaya miki gwiwar da kika mayar makaranta. Ku kuma da kuke karanta wannan, in akwai mai ciwo kusa da ku da ke tsoron hutawa don kada gurbinsa ya tafi, kada ku tsaya ga ce masa ya huta. Ku karɓi majanyinsa, ku ce masa sai jibi.