Filin Raliya a Bayan Aƙiƙ

Raliya 'yar Usmanu ba ta da farin jini a unguwar Anbariyya ta Madina, kuma ta san da haka. An haife ta a wani tsohon gida mai hawa biyu, wanda kakanta ya saya bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna bai koma ba. 'Yan ƙasa ne tun zamanin mahaifinta, amma a tsakar gida Hausa ake yi, Larabci sai an fita waje. Tun tana yarinya bakinta ya fi na kowa kaifi a lungun. Matan unguwa sukan ce idan ka gaishe ta da safe sai ta tambaye ka abin da kake nema.

Ta yi karatun jinya, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti. Sau ɗaya aka taɓa yin maganar aurenta, ta watse kafin a ɗaura, saboda ta faɗa wa uwar saurayin ra'ayinta game da ɗanta a gaban mutane.

A shekarar 1990, da yaƙi ya taso a kan iyaka, aka nemi masu jinya su taimaka a asibitocin soja, har da mata. Raliya ta ba da sunanta. Mahaifinta ya riga ya rasu, don haka sai da izinin yayanta Tahir. Shi ma soja ne, amma aikinsa a ɗakin ajiya na bariki yake, nan cikin Madina, yana raba barguna da takalma. Ya ja mata rai kwanaki kafin ya sa hannu.

"Je ki," in ji shi. "Amma duk abin da aka faɗa a kanki, kada ki sa ran zan tare miki."

"Yaushe ka taɓa tare mini, Yaya?"

Aka kai su wani sansani na tantuna a cikin hamada. Aka ba ta rigar kaki tana sawa a ƙarƙashin abaya, aka koya mata ɗaura abin rufe fuska saboda iskar guba. Ta wanke ƙuna, ta riƙe ƙafafun samari ana ɗinke su, ta aske kawunan fursunonin yaƙi da suka zo da kwarkwata da yunwa. Daga baya hayaƙin rijiyoyin mai da aka cinna wa wuta ya rufe sama, har azahar takan yi duhu kamar magariba. A can ta samo tarin da bai sake barinta ba.

A can kuma ta san Iyatu, wata 'yar Maraɗi da wani kamfani ya kawo don wankin zannuwan gado. Ranar farko faɗa suka yi a kan baho. Babban likitan sansanin kuwa bai taɓa kiran Raliya da sunanta ba. "Ke Takruniya," yake cewa, wato baƙar Afirka. Wata rana a gaban ƙananan sojoji ta ajiye tiren da ke hannunta ta ce masa sunanta Raliya, kuma a Madina aka binne kakanta, shi fa nasa? Tun daga ranar ya mai da ita tantin masu gudawa har aka tashi daga sansanin.

Da ta dawo gida babu wanda ya tarye ta. Abin da ta tarar shi ne magana ta riga ta zagaya unguwa, wai mace ta yi watanni a tsakiyar maza. A wani biki ta zauna, matan da ke kan tabarmar suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa za su duba girki. Raliya ta jawo farantin shinkafar gabanta ta cinye ita kaɗai, ta wanke hannu, ta fita ba sallama.

Bayan shekara biyu aka sa wa lungunsu alamar rusau, za a faɗaɗa hanya. Tahir shi ne wakilin magada, shi ya karɓi diyyar gidan. A daidai lokacin ya samu fili a unguwar Khalidiyya ta hanyar aikinsa na soja, da rancen gini. Ya haɗa komai ya gina gida mai kyau, da farin dutse a fuska. Da Raliya ta tambayi rabonta sai ya nuna mata matakala.

"Rabonki yana cikin bangon nan. Ga ɗaki can a sama, kusa da tankin ruwa. Me kuma kike so?"

Ɗakin na rufin kwano ne. Da rani ba a iya taɓa ƙofarsa da hannu.

Ta ji labarin cewa waɗanda suka yi aiki lokacin yaƙi suna neman filaye ana ba su, sai ta shirya ta tafi ofishin rabon filayen. Akwai 'yar taga ta ɓangaren mata, ma'aikacin yana bayanta, muryarsa kawai ake ji. Ta miƙa takardar shaidar da aka ba ta a sansani. Ya dawo mata da ita ba tare da ɓata lokaci ba.

"Ke ba soja ba ce, 'yar'uwa. 'Yar sa-kai ce."

"Kaki na sa. A tanti na kwana. Yayana da bai bar Madina ba an ba shi."

"Shi yana da lamba. Ke ina taki lambar? In kina da magana ki zo da waliyyinki."

Ta koma ta sami Tahir yana shan shayi a falo. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Me za ki yi da gida, ke da ba miji ba ɗa? So kike a ce ƙanwata ta ware ita kaɗai, a ƙara a kan abin da ake faɗa? Halas, magana ta ƙare, ba zan je ba."

Shekarun da suka biyo baya zaman doya da manja aka yi a gidan. Raliya ta raba tukunya. Tahir ya sa kwaɗo a ƙofar matakala, wai saboda ɓarayi, ya zama sai ta buga an buɗe mata idan ta dawo daga aiki. Ita kuma duk ranar Juma'a, lokacin da abokansa ke taruwa bayan masallaci, sai ta wanke tsohuwar rigar kakinta ta shanya a inda duk mai shigowa zai gani. Matar Tahir, Wafa, mace ce mai sanyin hali, ta sha hawowa da abinci don ta sasanta. Raliya takan karɓa ta ajiye a bakin ƙofa har ya huce, ta mayar da kwanon yadda yake. Wafa ba ta yi mata komai ba, amma a ganin Raliya duk wanda ke kwana a ƙarƙashin wannan rufin ya ci rabonta.

Duk shekara takan koma tagar ofishin. Ma'aikata suna canjawa, amsar ba ta canja ba.

Wata rana a asibiti ta ga Iyatu a layin karɓar magani. Ashe Iyatu ta bar kamfanin wanki, tana aikatau a wani gida a unguwar Aƙiƙ. Suka zauna a kan benci, Raliya ta zazzage mata duk labarin. Iyatu ta saurara har ƙarshe.

"Hajiya, ke kina kukan fili. Ni da na wanke jinin nan da hannuna, ko takardar godiya ba a ba ni ba."

"Ke ai biyanki aka yi. Wanki kika zo yi."

Iyatu ta tashi ta gyara mayafinta. "Shi ya sa ba ki da kowa," ta ce, ta tafi.

Sai da aka yi kusan shekara kafin Raliya ta neme ta. Ba ta ba ta haƙuri ba. Dabino ta kai mata da man zafi na ciwon gwiwa, Iyatu ta karɓa, aka ci gaba daga nan.

Iyatu ce ta ji cewa tsohon likitan sansanin ya yi ritaya ya buɗe kantin magani a cikin gari. Raliya ta yi makonni tana juya abin a ranta, sannan ta haɗiye girman kai ta je. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari. Ta faɗa masa ko ita wace ce, ta ce so take ya rubuta cewa ta yi aiki a ƙarƙashinsa kamar kowane soja.

"Na tuna ki," in ji shi. "Ke ce marar kunyar nan."

"Ni ce."

Ya bar ta a tsaye har ya sallami duk masu sayen magani. Sannan ya rubuta layi biyu ya buga hatimi, ya tura mata takardar da bayan hannu. Bai tambaye ta sunanta ba, a takardar sansani ya kwafa.

A shekarar 2004 ta koma taga da wannan shaida. Sabon ma'aikacin ya duba katinta, sannan ya mayar mata da takardar likitan.

"Wannan ba ma bukatarta. Kin cika arba'in, ba ki da aure, ko? To kin shiga layin matan da ba su da mai kula da su. Za a duba miki."

Ta tsaya riƙe da takardar.

"Ba don yaƙin ba ke nan."

"Wane yaƙi?" ya tambaya. Yaro ne, da gaske yake tambaya.

Filin ya fito bayan wata shekarar. Yana can bayan Aƙiƙ, inda gari ya ƙare, cikin baƙaƙen duwatsu, ba ruwa ba wuta. Ranar da ta je gani ita da Iyatu, mai tasi ya ajiye su a ƙarshen kwalta suka ƙarasa da ƙafa. Raliya ta zagaya iyakar filin tana tari. Ba ta yi murna ba. Abin da ke ci mata rai shi ne dalilin da aka rubuta a takardar mallakar.

Tahir ya ji labari, ya kuma ji cewa babbar hanya za ta bi ta wajen. A karon farko cikin shekaru ya hau matakala da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki.

"Raliya, wannan wuri ya fi ƙarfinki. Ki ba ni wakilci in gina bene, ke ki zauna a ƙasa, yara su samu sama. Ai duk abu ɗaya ne."

"Na taɓa ba ka wakilci sau ɗaya, Yaya. Ga inda ya kawo ni."

"Shekara nawa kina zaune a gidana ba haya?"

"A bangona nake zaune. Kai ka faɗa."

Fuskarsa ta canja. Ya ce tunda ta zama mai gida, to ta bar masa nasa kafin ƙarshen wata. Ta ce ba sai ƙarshen wata ba.

Ta sayar da 'yan kunnen mahaifiyarta da awarwaro, ta samu wani magini ɗan Nijar mai suna Rabo, ya tayar mata da ɗaki biyu na bulo ba filasta. Kafin a gama ta yi makonni tana kwana a ɗakin hutun ma'aikata a asibiti. Ranar da ta kwashe kayanta daga Khalidiyya, Wafa ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Tahir bai fito ba.

Iyatu ta koma wurinta bayan masu gidan da take aiki sun sallame ta saboda gwiwa. Suka zauna da fitilar gas da ruwan tanka, suna faɗa a kan gishiri, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, a kan wace ce ta fi shan wahala a sansani. Wuta ta iso unguwar bayan shekara biyu, maƙwabta suka fara gini. Ba a daɗe ba su ma suka san halinta.

Tahir ya rasu a shekarar 2009 ba tare da ya taka gidan ba. Raliya ta je zaman makoki, ta zauna kwana ukun a kusurwa, tana amsa gaisuwa da "amin" kawai. A rana ta uku Wafa ta matso kusa da ita ta kama hannunta.

"Yaya Raliya, ki yafe masa. Ya ambace ki a asibiti."

"Me ya ce?"

Wafa ta sunkuyar da kai. "Ya tambaya ko hanyar ta iso wajenku."

Raliya ta zare hannunta a hankali. "Ta iso," ta ce. "Maganar yafiya kuma ki bar ni da ita. Ban shirya ba."

Ta tashi kafin la'asar, domin mai tankar ruwa ya ce zai zo ranar, kuma Iyatu ba ta iya hawa ta duba ko ya cika tankin. Da ta isa gida ta tarar ya riga ya zo ya zuba rabi ya tafi. Ta ajiye jaka, ko abaya ba ta cire ba, ta ɗauki waya ta fara nemansa.