Kwalbar Tsakuwar Baffa Sale

Duk wanda ya san Baffa Sale na Aujara, ƙanin babanmu, ya san ƙarar nan, kacau-kacau daga aljihun gaba. 'Yar kwalbar turare ce, a ciki akwai tsakuwar da likita ya ba shi bayan an cire masa matsarmama a Kano, tun jihar nan tana sabuwa. Da musu ya yi zafi sai ya zaro ta ya kaɗa maka a hanci.

"Kai an taɓa buɗe ka? To yi shiru."

Shekarar da aka kawo shari'a, 'yan hisba suka tare shi a kasuwar Jahun, wai an ce yana yawo da kayan tsibbu. Baffa ya yaye riga har wuya, ga tabo kamar kunyar gero.

"Nawa ne, samari. A nan na noma su, ko taki ban sa ba."

Suka ce ya sauke rigar, akwai mata. Ya ce ai su suka nemi shaida.

Har wanke su yake yi fa! Ran nan ya shanya su a tabarma, kazar Inna Hajjo, matarsa, ta cafke ɗaya. Nan take ya sa aka yanka ta. Aka tsaga ƙundun, ga tsakuwa fal, ya kasa gane tasa. Sai ya kwashe duka ya zuba a kwalba.

"Tawa dai tana ciki. Sauran baƙi ne, su zauna."

Muna ta dariya, ashe wadda za ta kashe shi ba ta cikin kwalbar.

Shekaru sun ja, har mun manta da aikin, sai Baffa ya fara zazzaɓi mai karkarwa. Ciwo ya soke shi a ƙasan haƙarƙarin dama. Ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari kamar shayi, ga ƙaiƙayi har yana yi wa kansa jini. Ni lokacin ina tsaron kemis a Takur, cikin Dutse. Ban yi karatun asibiti ba, amma wallahi duk malamin asibitin da ya shigo sai na tsare shi da tambaya. Da na ba ɗaya labarin Baffa, ya ce min jakar matsarmamar kawai ake cirewa, bututun da ruwan ɗacin ke bi yana nan. Tsakuwa takan maƙale a ciki, ta yi lamo shekara da shekaru, ran da ta toshe hanya sai ruwan ya ruɓe ya shiga jini. Ko kemis ɗin ban rufe da kyau ba na nemi motar Aujara.

Na same shi yana kurɓar jiƙon maganin shawara.

"Baffa, saura ɗaya a ciki. Mu tafi asibiti."

"Ji ɗan kemis. Abin da aka cire ba ya ciwo."

"Baffa, dubi idonka."

"Madubin ne ya tsufa."

Sai da ya fara kiran Inna Hajjo da sunan mahaifiyarsa muka ɗauke shi ba da sonsa ba. A Dutse aka yi hoton ciki. Ga ta nan kuwa, ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Suka ce maza Kano.

A mota kansa na kan cinyata, jikin kamar garwashi. Ya jawo kunnena.

"Yaro, na daɗe da sanin akwai ta. Barcin nan nasu nake tsoro. Wancan karon da suka rufe min hanci, sai na ji kamar an sa ni a kabari ina ji ina gani."

Na ce zan tsaya a ƙofa har ya farka. Ya ɗan murmusa, ya danƙa min kwalbar.

"In sun ciro ta, ka haɗa ta da 'yan'uwanta."

Ba a kai ga cirowa ba. Ana shirin shiga da shi ɗakin tiyata ya cika, da tsakuwar a cikinsa aka rufe shi.

Kwalbar tana wurina. Duk wanda ya shigo kemis da tabon aiki da ido rawaya, ita nake kaɗa masa har sai ya tafi asibiti.

Ya Allah, bawanka Sale ya ji tsoron duhu. Ka haskaka masa kabarinsa, ka yalwata shi, ka sa wannan barcin ya zame masa hutu. Amin.