'Yar Gadar da Kaka Ta Koya wa Tsoro

Duk shekara idan bazara ta yi nisa, manoma suka fara ƙona sharar gona, ƙaurin hayaƙin yakan biyo iska har cikin garin Birnin Gwari ya same ni a shagona. Wasu su toshe hanci. Ni kuwa sai ƙafata ta mutu a kan keken ɗinki, domin a cikin irin wannan hayaƙi aka kawo mana 'yar gada.

Ƙauyenmu a bakin daji yake, can wajen Kazage. Ina yaro lokacin, ban isa a ba ni fartanya ba. Baba ya je sharar gona, wuta ta cinye wata sarƙaƙiya, sai ya tarar da ita kwance a gefen toka, uwar ta gudu. Ya naɗo ta a rigarsa ya kawo gida. Inna ta dube ta ta ce wannan ba za ta kai gobe ba. Kaka, mahaifiyar Baba, ta miƙo hannu. Ta karɓe ta, ta riƙa tsoma yatsa a madarar da wata Bafulatana ke kawo mana tana sa mata a baki, har ta koyi tsotsa. Ta raɗa mata suna Auta.

"Mai gidana, an yi maka ƙanwa," in ji Kaka, don da sunan nan take tsokanata. "Kuma ta fi ka kunya, ba ta lashe kwano."

Daminar farko a ɗakin Kaka ta yi ta. Kafin bazara ta zagayo ta zama budurwa, ni kuma na zama abokin zamanta. Idan rana ta take, kaji suka buɗe baki suna haki, mukan shige ƙarƙashin rumbu mu kwanta. Ban sani ba ko ka taɓa kwanciya a ƙasa ka kalli gidanku daga nan. Ba ka ganin fuskar kowa, ƙafafu kawai kake gani, kuma ina jin haka Auta ta san mu. Ga ƙafafun Inna da lallen da ya fara koɗewa, suna kai da kawowa tsakanin murhu da rijiyar da ruwanta ya ja baya. Ga na Baba cikin takalmin taya, furu-furu da toka, suna hawa tsani zuwa gyaran jinka kafin ruwa ya sauka. Ga na Kaka, duk faso, tana jan ta hagu. Waɗannan ta fi so, domin inda suka tsaya nan ɓawon mangwaro ke faɗowa, da garin ɗorawa, da 'yar gyaɗar da ake ɓarewa don iri.

A duk garin babu ƙafar da ta taɓa shurin ta. Takan bi mata rijiya, ta leƙa ƙofar masallaci, ta shiga gidan maƙwabcinmu, wani Bagwari maharbi, har karnukansa sun saba da ita. Mu a lokacin abin alfahari muka ɗauke shi.

Sai ruwan shuka ya sauka. Aka yi shela kamar kowace shekara cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Baba ya kafa mata turke kusa da awaki. Ashe gada ba akuya ba ce. Ta yi ta fizga tana faɗuwa har igiya ta yanke mata wuya, dole aka kwance ta. Da aka bar ta sake, ta shiga gonar mutane ta cinye tsiron wake. Mai gari ya aiko: ko a ɗaure, ko a yanka, ko a mayar da ita daji.

Baba ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuya don maharban garinmu su gane ta, ya kai ta can cikin daji ya sake ta. Kafin ya iso gida ta riga shi, tana kwance a ƙafafun Kaka. Muka yi ta dariya, amma maƙwabcinmu bai yi ba.

"Iya, mu mun san ƙyallen nan," in ji shi. "Baƙon maharbi fa? Wannan in ta ga mutum, wurinsa take nufa."

Washegari Kaka ta kafa doka. Kada wanda ya sake ba ta abinci, kuma duk wanda ta kusanta ya jefe ta da hoge. Na ce ni ba zan yi ba, na tambaye ta laifin da Auta ta yi.

"Ba ta yi komai ba, mai gidana. Mu muka raba ta da tsoro, mu za mu mayar mata da abinta."

Aka shiga kora. Baba ya daka mata tsawa, Inna ta watsa mata ruwa, yaran gari suka bi ta da jifa. Amma duk inda aka koro ta, sai ta ruga ta laɓe a bayan Kaka, ita kuma hannunta ya ƙi ɗaguwa. Kowa ya gane cewa muddin akwai ƙafa ɗaya da ta yarda da ita, aikin banza ake yi.

Ran da abin ya faru ina ƙarƙashin rumbu, da hantsi, don haka daga ƙasa na gani. Ƙafafun Kaka suka fito daga madafa, ana jan ta hagu. Auta ta tashi tana kaɗa 'yar wutsiyarta, ta je ta sunsuni fason nan kamar kullum. Sai tsumagiya ta sauka a bayanta. Ba ta gudu ba. Ta ɗan ja baya ta tsaya tana kallo, ta sake matsowa. Tsumagiya ta ƙara sauka, ta ƙara. Da Kaka ta ga ba za ta tafi ba, ta zaro bakin wuta daga murhu ta nufe ta da shi. Nan Auta ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ta tsallake danga. Kaka ta zauna daɓas a ƙasa, a lokacin ne na ga fuskarta.

Auta ba ta dawo ba. Duk daminar nan Kaka ba ta tsokane ni ba, kuma duk maharbin da ya wuce sai ta leƙa abin da ya rataya. Sai da wata bazarar ta zo maƙwabcinmu ya yi sallama, ya durƙusa ya ce wa Kaka ya ga Auta a bakin rafi, ƙyallen ya koɗe amma yana nan.

"Na kira ta yadda kike kiranta, Iya. Ko waiwaye ba ta yi ba, ta ruga."

"Alhamdu lillahi," in ji Kaka. Ta ja gefen zane ta rufe fuska ta yi ta kuka.

Allah ya ɗauki ran Kaka kafin dajin ya zama abin da ya zama. Ni na girma a ƙauyen, na yi aure, na sayi babur. 'Yata ta fari da ta ji ƙarar babur sai ta ruga bakin hanya tana ɗaga hannu, domin a wurinta duk mai babur babanta ne. Da masu bindiga suka fara fitowa daga daji a kan babura, na yi mata faɗa, na yi lallashi, ba ta ji ba. Wata rana da hannuna na zane ta a bakin hanyar nan, tana kallona ba ta san laifinta ba.

Ta koya. Mun baro ƙauyen, gidan Kaka ya zama kufai, nan cikin gari muke haya yanzu. Amma har yau in na dawo da yamma, da ta ji ƙarar babur sai ta shige ɗaki ta tura ƙofa, ta kwanta a ƙasa tana leƙe ta ƙarƙashi. Ba na ce mata ta daina. Nakan tsaya a bakin ƙofar in cire takalmi, in jira har ta gane ƙafafuna.