Hannun Daman Sakatare

A Mayahi ba wanda ke kiran mahaifina Cha'ibu, sai dai Sakatare. Shekara ashirin da wani abu ya yi a wata 'yar rumfar kwano kusa da tasha yana buga wa mutane takardu: na neman aiki, na sayen gona, na kai ƙara. Da tafireta ya fara. A 2004 ya je Maraɗi ya dawo da kwamfuta 'yar gwanjo, mai ƙaton allo kamar tukunyar biki, ya ɗora ta kan tebur yana share ta da gefen rawaninsa. Daga baya waya ta shiga hannun kowa, aiki ya ja baya, ya rufe rumfar. Kwamfutar ta koma ɗakinsa, Inna ta lulluɓe ta da tsohon zane ta ɗora kwanonin tangaran a kai.

Ni ce Raihana, 'yarsa ta uku, kuma kowa ya ce ni na ɗauko taurin kansa. Ban musa ba.

Bara, bayan an gama girbin gero, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taimaka, ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannu ya ƙi. Yatsun sun lanƙwashe, ko cokali ba sa riƙewa. To a ƙofar gidanmu ake ciyayya tun kafin a haife ni. Bayan magariba magidantan layinmu kowa ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma, a haɗa hannu a ci. Baba ya ce shi ba zai sa hagu cikin kwanon da mutane ke ci ba. Liman da kansa ya shigo ya ce masa lalura ce, babu laifi. Baba ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya ci gaba da cin tuwonsa a ɗaki shi kaɗai, ƙofa a rufe. Yana jin hirarsu ta bayan katanga. Wata biyar a haka, ya rame, ya daina tsokanar kowa. Wannan ya fi ciwon nasa tayar mini da hankali.

Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu na tsinci ƙwallon a garken awaki. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi. Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyar nan, ni yaro ne?"

Rannan wani dattijo ya zo daga Gidan Amumune a kan kabu-kabu, gara ta cinye takardar gonarsa, yana tambaya ko Sakatare na da kwafinta. Aka sauke tangaran ɗin Inna. Na kira Moctar mai gyaran waya ya hure ƙurar, ya canza wani ɗan batir, ya jona. Injin ya yi gurnani ya kama. Takardar na nan kuwa, dattijo ya tafi yana ta sa albarka.

Ina shirin kashewa Baba ya ce in dakata. Ya nuna wani ɗan hoto a kusurwar allo da haɓarsa. Na danna, sai ga wasan nan na da, wanda bulo kala-kala ke faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Ashe da shi yake kashe zaman jiran masu takarda. A gefe akwai jerin gwanaye goma. Tara sunansa ne. Na ɗaya kuwa, can sama, an rubuta YUSHAU.

Baba Yusha'u taubashinsa ne, mai sayar da goro a bakin tasha, mutumin da bai taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, kuma bai taɓa barin Baba ya sha ruwa da daɗi ba. Ni na aika a gaya masa, kuma da gangan na yi. Kafin la'asar ya iso yana gyara hula.

"Ashe ordinater ba ta mantuwa! Sakatare, karanta mini wanga suna na bisa, idona ba shi gani."

Baba ya yi tsaki, ya jawo kujera, ya ɗora hagu a kan maɓallan. Baba Yusha'u ya kama hannun ya ɗage.

"A'a. Da dama na kafa nawa. Na hagu ba shi shiga lissafi, ko gaban alƙali munka tahi."

Na ji kamar in rufe shi da duka. Na buɗe baki ke nan Inna ta ja zanena ta fitar da ni tsakar gida. Ta taga na ga Baba ya kamo hannun damansa da na hagu, ya ɗora shi kan maɓallan kamar mai ajiye kayan wani. Bulo suka taru suka toshe allo kafin ya danna sau uku. Baba Yusha'u ya yi dariya har da tari. Baba ya ce, "Sake sa shi."

Daga ranar gidanmu ya koma gidan ƙarar bulo. Da safe bayan Baba ya sha koko zai zauna gaban injin, sai zafi ya sa injin ya fara ɗaukewa, sannan ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa masa a kai, duk da Moctar ya hana. In wuta ta tafi ya zauna yana danna maɓallan a bushe. Yatsa ɗaya ya fara amsawa, sai na biyu. Baba Yusha'u kullum sai ya biyo bayan azahar, wai ya zo gaida sunansa. Wata rana na tare shi a zaure na ce ya riƙa sassautawa, mutumin nan ba shi da lafiya. Ya daina murmushi ya ce, "Raihana, kowa na tausai nai. In ni ma na tausaya mishi, wa ya rage?" Na ba shi hanya.

Kada in yi ƙarya, Baba bai kamo makin Baba Yusha'u ba, ko kusa bai je ba. Bayan wata uku dai ya ture tsohon sunansa na goma ya sa sabo, ya kira duk gidan mu zo mu gani.

A makon ne, ranar wata Laraba, Inna ta kai masa tuwo ɗaki bayan magariba ta fito da kwanon a hannu. Ba ya ciki. Na leƙa ta ƙofar zaure. Yana zaune a kan tabarma tsakanin Liman da Baba Yusha'u, an buɗe kwanoni. Ya ce, "Ku matso mini da kwanon, hannun bai kai can ba tukuna." Aka matso. Ya yi bisimilla, ya sa dama ya gutsuro tuwo. Rabin lomar ya faɗi kan gwiwarsa, miyar kuka ta bi gaban farar rigarsa. Ba wanda ya kalle shi. Liman ya ɗauko zancen tsadar taki, sauran suka kama, Baba Yusha'u kuwa ya juya fuska wajen titi ya daɗe bai juyo ba. Baba ya sake miƙa hannu.

Washegari Inna ta fito da rigar za ta jiƙa, na karɓe. Tun daga wuya har aljihu miya ce. Na zauna bakin rijiya ina cuɗawa ina kuka, ina dariya, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Na ɗaga mata rigar na ce, "Baba ne ya ci tuwo a waje."