Ni da 'Yata a Tseren Taɓo

Ko da zan manta komai na zamana a Madina, ba zan manta safiyar da na shiga tseren taɓo ina da shekara arba'in da bakwai ba. Har yau idan na tuna, sai in ji ƙirjina yana bugawa kamar yanzu aka busa usur.

'Yata ce ta jawo ni. A nan na haife ta, a nan ta girma. Hausa tana jinta sarai, sai dai rabin amsarta da Larabci take fitowa. A lokacin sanyin wata shekara aka shirya tsere na mata zalla a wata gona da ke bayan gari, kan hanyar Yanbu. Ba gudu kaɗai ba ne. Akwai ramuka cike da ruwa da laka, akwai ragar da ake bi ƙarƙashinta da jan ciki, akwai katangar katako da ake haurawa. Bibbiyu ake shiga, kuma sai an ƙare tare ake lissafawa. Wata uku tana atisaye da ƙawarta, ana saura kwana huɗu ƙawar ta gurɗe ƙafa.

Ni girki nake yi a wani gidan abinci kusa da Masallacin Ƙiblatain. Na dawo daga aiki na tarar da ita zaune, idanu sun yi jawur. Da ta gaya mini abin da ya faru, ban san lokacin da na ce, "To ni fa? Ba mace ba ce?"

Ta dube ni, ta fashe da dariya ga hawaye a fuska. "Ummi, ke? A cikin taɓo?"

Na ce, "Ke 'yar nan, kafin in zo ƙasar nan dashen shinkafa nake yi a fadamar garinmu. Taɓon da na taka ko a hoto ba ki taɓa ganinsa ba."

Babanta yana gefe yana shan shayi, ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai kada a kira ni daga asibiti."

Rigimar ba ta tashi ba sai da aka zo kan kayan sawa. Na fito da suwaitata mai kauri ta auduga, da wando biyu, da babban hijabi, domin sanyin Madina da sassafe har ƙashi yake shiga. Ita kuwa ta miƙo mini wata riga shara-shara ta 'yan wasa, wadda ko zanen goyo ya fi ta nauyi.

Ta ce, "Wallahi Ummi, auduga ruwa take sha. Da ta jiƙe za ta zama ƙanƙara a jikinki. Wannan kuwa nan da nan take bushewa."

Na ce ba zan fita gaban jama'a da abin da zai kama mini jiki ba, ko mata ne zalla. Muka yi ta ja har ta samo mini doguwa mai kai gwiwa, da wando guda ɗaya irin yadinta, da ƙaramin hijabi da ba ya buƙatar allura. Na yarda da duk wannan, amma na ce suwaita dai sai na ɗora a sama. Ta ɗaga hannu ta ce, "Halas, shi ke nan, yadda kike so."

A wajen takalmi kuma ni ce na ga abin da ba ta gani ba. Nata sabo ne fil, marar nauyi, ƙasansa sumul, an yi shi don gudu a kan kwalta. Ni tsohon kambas ɗina na aiki na ɗauko, mai kaushin ƙasa. Na yago tsumma biyu daga wani tsohon zane, na nuna mata yadda zan zagaya su ta ƙarƙashin takalmin in ɗaure a idon sawu. Na ce, "Ɗaure naki haka. Laka haɗiye takalmi take yi." Ta yatsine fuska ta ce abin kunya ne, mutane za su gani. Na ƙyale ta.

Ranar muka isa gonar bayan rana ta ɗan fito. Iska na kaɗawa, hayaƙi na fita daga bakin kowa. Mata ne ko'ina, Larabawa, 'yan Sudan, 'yan Indiya, ana ta tsalle-tsalle ana ihu. Ni ce mafi tsufa a layinmu, amma zumuɗin da nake ji ya fi na kowa. Ana busa usur muka ruga.

Ramin farko ruwa ne har ƙugu. Da na faɗa ciki sai da numfashina ya ɗauke. Na fito ina salati ina dariya a lokaci guda. Muka bi ƙarƙashin raga da jan ciki, laka har cikin kunne, wata mata a gefena tana ta cewa, "Yalla ya hala, yalla!" wato ni ce gwaggon da take ƙarfafa wa gwiwa. Daga nan na fara jin suwaitar ta yi nauyi, amma na ci gaba da gudu.

A babban ramin laka aka fara kuka. 'Yata ta taka, ƙafarta ta nutse har gwiwa, ta fizgo da ƙarfi, sai ga safa kaɗai. Ta ƙwala ihu, "Ummi, takalmina! Ya tafi!" Gaba kuwa tsakuwa ce, ba mai iya binta ba takalmi. Na ga fuskarta ta canza, wata ukun nan nata yana neman tafiya a banza.

Na ce, "Tsaya inda kike, kada ki motsa!" Na durƙusa na zura hannu har kafaɗa cikin ramin da ƙafarta ta bari, kafin laka ta rufe shi. Na lalubo diddigen takalmin, na murɗa shi gefe a hankali kamar yadda muke zare ƙafa a fadama, sai ga shi ya fito yana tsotso. Na kwance tsumma ɗaya daga ƙafata na ɗaure mata. Wannan karon ba wanda ya ambaci kunya. "Ɗaure da kyau, Ummi," kawai take cewa.

Sai muka iso katanga. Ta haye kamar mage, ta zauna a sama ta miƙo hannu. Na kama igiya na yunƙura, na zamo. Na sake, na zamo. Suwaitar nan ta sha ruwa da laka ta koma kamar buhun shinkafa a kafaɗata, haƙorana na haɗuwa, yatsuna sun daina jin igiyar. Wata mai kula da tseren ta matso tana tambaya ko zan haƙura. Na girgiza mata kai, domin idan na fita, 'yata ma ta fita.

Daga sama ta daka mini tsawa da Hausa tsantsa, "Ummi, cire ta! Cire ta ki yar!"

Na tuɓe suwaitar da ƙyar na jefar, ta faɗi ƙasa tim. Nan take na ji kamar an sauke mini kaya. Na damƙi igiya, na kafa kambas ɗina a jikin katakon, ta cafko wuyan hannuna ta ja, sai ga ni a sama. Matan da ke ƙasa suka ɗauki tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Muka diro muka ruga riƙe da hannun juna, iska na busar da rigar nan da na raina, har muka tsallake layin ƙarshe.

Da yawa sun riga mu isowa, amma wallahi ihun da muka yi ko waɗanda suka zo na ɗaya ba su yi shi ba. Muka rungume juna, laka a kan laka. Ta buɗe jakarta ta fito da tawul da busassun kaya da ta ɓoyo mini, muka zauna muna kurɓar shayi mai zafi.

Abin da na koya ranar shi ne, kowannenmu ya san rabin gaskiya, kuma kowa ya raina rabin da ɗayan ya riƙe. Da mun saurari juna tun a gida, da ba mu sha wahalar nan ba. Tun daga lokacin, idan yaro ya gaya mini abin da ya sani, ina bari ya kai ƙarshen maganarsa kafin in tuna masa da shekaruna.