Rikodar Hajiya Kaka Lafiyarta Ƙalau

Yayana ne ya jawo mana. Ya tafi karatun zane a Samaru, ya dawo da gashi buzu-buzu da wani kiɗa da ba ganga ba murya, sai ƙara zalla: kamar injin markaɗe na dambe da janareta, can a tsakiya wani ya ja kujerar ƙarfe a kan siminti. Wai sai a kaset yake daɗi. Na zage shi tas, na saurara, kuma abin kunya na kamu. Sabon kaset ya yi wuya, sai ya zari ɗaya cikin na wa'azin kakarmu ya naɗa a kai, ya bar min ya koma makaranta.

Rikoda ɗaya ce a gidanmu na Ƙofar Jatau, wadda marigayi kakanmu ya kawo wa Hajiya Kaka daga Makka. In ta tafi unguwa sai in ɗauka in sha ƙarata. Ran nan na manta kaset ɗin a ciki.

Ta dawo, ta gyara zama, ta danna. Maimakon sallamar malami sai ƙiii, gurrr.

"A'uzu billahi! Me ya sami Malam?"

Ta tasa ni gaba zuwa wurin mai gyara a Ƙofar Kibo. Ya goge ciki da auduga, ya sauya bel, ya kunna. Ƙiii. Bai ko gwada wani kaset ba. An rubuta wa'azi a jikin wannan, to wa'azi ne. Ni kuwa na hau kallon bango.

"Hajiya, ta mutu. Sai dai 'yan gwangwan."

Hajiya Kaka ta hau shafa rikodar kamar kan jariri, abin da ban taɓa gani ba. Na kasa daurewa, na dubi mai gyaran.

"Malam, lafiyarta ƙalau. Kiɗa ne."

"Kiɗan me?"

"Haka ake yinsa. Da gangan."

"Da hankalinsu?"

Hajiya Kaka ta juyo a hankali. "Ke 'yar nan, to ina malamina?"

"Yana ƙarƙashi. Yaya ya naɗa a kansa."

Daga Ƙofar Kibo har gida kunnena na hannunta, rikodar na hammatarta. Kaset kuwa ta ƙwace. Yanzu in ta baza shanyar gero a tsakar gida sai ta kunna shi a gefen tabarma, ko kaza ɗaya ba ta kusanta. Nan nake zuwa in zauna, wai ina gadi.