Auta da Ɗan Goma

Ƙanena tela ne, shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan keke. Mu a gida Auta muke ce masa, har yau da furfura ta cinye masa kai. Tun yana koyon aiki yake da hali guda, ba ya yar da ƙyalle. In ya yanka yadi mai tsada, guntun da ya rage sai ya naɗe ya cusa a buhu, wai wata rana zai yi amfani. Na daɗe ina ɗinka masa maɓalli a shago, ban ga zuwan ranar nan ba. Da ido ya gaza masa wajen zura allura ya sallama shagon, buhu tara muka fitar, asu ya ci rabi.

Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya sun watse. Abin da ya rage masa a duniya shi ne teburin rumfar mai aski, inda tsofaffi ke wasan haɗa kalma kullum da yamma, irin wanda ake ɗebo 'ya'yan wasa daga jaka a jera su a allo. Kujera huɗu ce, su kuwa biyar: mai aski, tsohon akawu, direba, Auta, da wani surukin mai aski da ke tsaye yana jiran gado. Dokarsu ita ce wanda ya zo na ƙarshe sau uku a jere ya tashi, ba ya dawowa sai wani ya faɗi. Surukin nan wata huɗu ya yi a tsaye. Na san Auta. In ya rasa kujerar nan ɗaki zai shige ya zuba wa bango ido, kamar yadda ya yi bayan rasuwar matarsa, har sai da muka riƙa ba shi abinci da faɗa.

Ni nake kai masa maganin ɗigawa a ido, don shi mantawa yake, sai in zauna a benci in yi kallo. Baƙin boko ban san ko ɗaya ba, amma lamba na san ta tun daga tef ɗin awo. Kowane ɗa da ake jerawa da baƙinsa a jiki, da lambar makinsa a kusurwa. Masu ɗaya sun cika jaka, masu goma biyu ne tak. A allon akwai gidaje masu launi, wani ya ninka ɗa guda, wani ya ninka kalmar duka, jajayen da ke bakin allo kuwa ninki uku suke yi. In jaka ta ƙare wani ya zubar da nasa kaf, duk abin da ya rage a hannunka sai a cire maka a ƙara masa. Nan ake kashe Auta.

Ranar da ya zo na ƙarshe karo na biyu a jere na tsare shi a hanya.

"Kai, me kake yi da mai goman nan tun tsakiyar wasa? Kiwonsa kake?"

"Yaya, jan gida nake jira masa. Sittin zan ci a tashi ɗaya."

"Mutum uku ne tsakaninka da jan gidan. Ka ɗauka makafi ne? Jiya goma aka cire maka, yau goma sha takwas. Kuma saboda shi ka yi ta ajiye ƙananan kalmomi kana jira, bai ci ba bai bar wasu sun ci ba."

"Ke da ba ki san baƙi ba za ki koya mini?"

"Ban san baƙi ba, amma na san mai asara in na gan shi. Saurara. Babba in ya zo, ka nema masa gida a zagaye biyu, ko na ninki biyu ne. Kada ka miƙa kalma kusa da ja, don akawu ne ke binka, shi kake shimfiɗa wa tabarma. In ka ji jaka ta daina ƙara, ka sauke nauyi."

Ya yi tsaki.

Washegari surukin mai aski ya zo da matashin zama a hammata, don neman magana. Akawu ya dube ni ya ce, "Iya, yau ban kwana kika rako shi? Ba a sa baki fa."

Na ce, "Bakina na da aikin da ya fi ku."

Wasa ya yi nisa, Auta da akawu suna jan juna a ƙasa. Da direba ya girgiza jaka, na ji saura kaɗan. Auta ya zura hannu ya ɗebo, sai na ga ya tura ɗa guda can ƙarshen ɗan katakon da yake jera nasa ya dafe da yatsa. Na san ko wane ne. A gefen allo kuwa ga jan gida a buɗe. Da zagaye ya zo kansa ya daɗe yana kallon jan nan, kalmar ba ta kai ba, saura baƙi ɗaya da ba shi da shi. Ba a sa baki, sai na zuba ido.

Sai ya ɗauki mai goman ya ɗora a gidan da ke ninka ɗa guda, kalmar baƙi biyu. Ashirin da ɗaya.

Akawu ya kwashe da dariya. "Tela, ka yanka bandir guda ka yi hankici!"

Direba ya haye jan gidan kafin zagaye ya dawo, kamar yadda kowa ya san za a yi. Mai aski ya zubar da nasa, wasa ya tashi. Aka ce kowa ya buɗe hannu. Auta ƙananan biyu ne, maki biyu. Akawu ya yi ta noƙe-noƙe, direba ya kifar masa da katako: ga ɗaya mai goman, ga mai takwas. Da aka cire, Auta ya fi shi da huɗu.

Surukin mai aski ya mayar da matashinsa hammata.

A hanya Auta ya ce, "Da na jira, da watakila sittin na ci."

"Da ka jira, da gobe ni zan kai maka abinci ɗaki."

Shekara biyu ke nan. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma ba zai zo ba, kansa bai kai nan ba. Amma ba wanda ya zauna a kujerarsa.